Dare na Dubu da Biyu: Paul Poiret da Tarihin Liyafa a Matsayin Jari a Birnin Paris, 1903-1929

1.0 Gabatarwa

Sutura da biki abubuwa ne da suke tafiya tare a kowace al'umma, domin a wurin biki ne ake fito da sabuwar sutura, a nan ne kuma yayi yake samun gindin zama. Duk da haka ba kasafai masana tarihi suke ɗaukar liyafa da muhimmanci ba, sun fi kallonta a matsayin holewa da ɓarnar dukiya. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi tarihin wani mutum wanda ya mai da liyafa jarinsa, ya ɗaukaka da ita, daga baya kuma ta zama ɗaya daga cikin sanadin karyewarsa. Wannan mutum shi ne Paul Poiret, mashahurin mai tsara suturar mata a birnin Paris, wanda ya rayu daga 1879 zuwa 1944. Za a dubi asalinsa, da kayan ƙawar da ya tara, da yadda yake shirya shagulgulansa, sa'an nan a auna abin da wannan duka yake nunawa game da Faransa ta zamaninsa, musamman yadda take kallon ƙasashen Gabas.

2.0 Asali da Koyon Sana'a

An haifi Poiret a Paris ranar 20 ga Afrilu, 1879. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a unguwar Les Halles, watau ba gidan sarauta ya fito ba, ba kuma gidan talauci ba. Da ya tasa sai aka kai shi koyon aiki wurin wani mai ƙera laima, inda ya riƙa tsintar guntattakin siliki yana ɗinka wa 'yar tsana riguna. Daga nan ya fara zana fasalin riguna a takarda yana kai wa manyan gidajen ɗinki suna saye, har Jacques Doucet, ɗaya daga cikin manyan maɗinkan lokacin, ya ɗauke shi aiki a ƙarshen ƙarni na 19.

Zamansa wurin Doucet yana da muhimmanci ƙwarai ga abin da za a tattauna a gaba. Doucet mutum ne mai tara zane-zane da kayan tarihi masu tsada, yana kuma hulɗa da 'yan wasan kwaikwayo da masu hannu da shuni a matsayin tsaransu. A wurinsa Poiret ya gane cewa maɗinki yana iya fita daga sahun barori ya shiga sahun manya, muddin ya iya zama irin nasu. A nan ne kuma ya ɗinka wa 'yar wasa Réjane wata alkyabba da ta sa a dandali, sunansa ya fara fita. Bayan ya yi aikin soja ya shiga gidan Worth a 1901, gidan da ya fi kowane suna a wannan sana'a, amma aka ba shi ɗinkin kayan yau da kullum, masu gidan kuma ba su gamsu da sabon salonsa ba. A 1903 ya buɗe nasa shagon a titin Auber, a 1905 kuma ya auri Denise Boulet, 'yar wani mai masaƙa daga garin Elbeuf. Wannan mata siririya ita ta zama ma'aunin dukkan ɗinkinsa, a jikinta ake fara ganin kowane sabon fasali.

3.0 Sabon Salon Ɗinki

Kafin zuwan Poiret, matar Turai mai hali takan ɗaure cikinta da wata irin ɗamara mai tauri wadda ake ƙarfafawa da ƙarfe ko ƙashin kifi, ta matse ƙugu, ta turo ƙirji gaba. Daga wajen 1906 Poiret ya riƙa fito da riguna da suke saukowa a miƙe daga ƙarƙashin ƙirji, ba su bukatar wannan ɗamara. Maimakon ya yanka yadi gunduwa-gunduwa don ya bi lanƙwasar jiki, sai ya riƙa yafa shi yana barinsa ya zubo, kamar yadda ake yi wa kufta da rigar Japanawa. Ya kuma watsar da launuka masu sanyi da aka saba da su, ya kawo ja wur da kore shar da ruwan goro da shunayya.

Sai dai akwai abin lura a nan. Mutumin da yake alfahari da cewa ya 'yantar da jikin mace daga ɗamara, shi ne kuma a 1910 ya yayata wani siket mai matsattsen baki a idon sawu, wanda yake hana mace taka doguwar ƙafa, tamkar dabbar da aka yi wa dabaibayi. Shi da kansa ya amsa wannan a littafin tarihin rayuwarsa. Wannan ya nuna cewa abin da ya fi damunsa shi ne yadda mace za ta fito a idon mai kallo, sauƙin motsinta kuwa yana biye ne a baya. Za a sake cin karo da wannan hali a wurin liyafarsa.

4.0 Kayan Ƙawa

Abu na farko da Poiret ya zuba wa dukiya shi ne muhalli. A 1909 ya koma wani tsohon gida na ƙarni na 18 a titin d'Antin, mai faffaɗan lambu, ya gyara shi ya haɗa mazauninsa da wurin aikinsa a harabar guda. Duk matar da ta zo sayen riga sai ta ratsa lambu, ta hau bene mai shimfiɗu, ta ji kamar ziyara ta kawo gidan wani basarake. A cikin lambun ne 'yan matan da suke gwada riguna suke zagayawa a gaban masu saye.

Na biyu shi ne zane-zane. Ya yi abota da masu zane irin su André Derain da Raoul Dufy, ya sayi ayyukan Matisse da Picasso da Brancusi tun kafin kasuwarsu ta buɗe sosai. A cikin wani zaure na harabarsa ne aka fara nuna wa jama'a shahararren zanen Picasso mai suna Les Demoiselles d'Avignon a watan Yuli na 1916. Hatta littattafan tallansa ya mai da su ayyukan fasaha: Paul Iribe ya zana masa na 1908, Georges Lepape kuma ya zana na 1911, aka buga su kaɗan a takarda mai tsada aka aika wa zaɓaɓɓun mutane.

Na uku shi ne turare da kayan ɗaki. A 1911 ya kafa kamfanin turare mai suna Rosine, sunan 'yarsa ta fari, ya zama maɗinki na farko a Paris da ya fito da turarensa na kansa, shekara 10 kafin Chanel ta fito da nata a 1921. Sunayen turarukan ma suna nuna inda zuciyarsa take: akwai Nuit de Chine, akwai Le Minaret, akwai Aladin. A wannan shekara dai ya buɗe makarantar Martine, sunan 'yarsa ta biyu, inda yake tara 'yan matan talakawa masu ƙananan shekaru, a kai su lambuna da gidan namun daji su zana abin da suka gani, a juya zanen nasu ya zama yadi da darduma da takardar bango. Tunanin wannan makaranta ya biyo bayan ziyarar da ya kai wa masu fasahar birnin Viyana.

Na huɗu shi ne abinci da abin sha. Poiret mutum ne mai son teburi, har ya buga littafin girke-girke guda 107 a 1928, lokacin da dukiyar tasa ta riga ta kama hanyar ƙarewa.

Idan aka haɗa waɗannan abubuwa huɗu za a ga manufa guda ce a bayansu. Yana so matar da ta sa rigarsa ta shafa turarensa, ta zauna a kujerar da ya tsara, a ɗakin da ya ƙawata. Abin da ya rage shi ne wurin da za a ga duk waɗannan a haɗe suna aiki, wannan wuri kuwa shi ne liyafa.

5.0 Dare na Dubu da Biyu

Domin a fahimci liyafar 1911 dole a san matsayin hikayoyin Alfu Laila wa Laila a Faransa. Antoine Galland ne ya fara fassara su zuwa Faransanci tsakanin 1704 da 1717. Daga 1899 zuwa 1904 wani likita mai suna Mardrus ya fito da sabuwar fassara wadda ta ƙara wa labaran gishiri ta fuskar sha'awa da annashuwa, masu ilimin Paris suka rungume ta. A 1910 kuma ƙungiyar 'yan rawar Rasha ta Diaghilev ta nuna wasan Schéhérazade a Paris, da suturar da Léon Bakst ya tsara, birnin ya ɗauka. Poiret ya dage cewa shi ya riga su shiga wannan fage, amma ko ma wane ne ya riga, kasuwar ta riga ta buɗe. Masu karatun Hausa ma sun san waɗannan hikayoyi da sunan Dare Dubu da Ɗaya, sun kuma san yadda Abubakar Imam ya ci moriyarsu a Magana Jari Ce, saboda haka ba za su rasa gane ma'anar sunan da Poiret ya raɗa wa liyafarsa ba: Dare na Dubu da Biyu, watau daren da ya biyo bayan ƙarewar hikaya, wanda shi ne zai ba da labarinsa.

An yi wannan liyafa a daren 24 ga Yuni, 1911, a gidansa da lambunsa, aka gayyaci mutum wajen 300. Dufy ne ya zana katin gayyata. Sharaɗin shiga shi ne kowa ya zo cikin shigar mutanen Farisa ta dā. Wanda ya zo da kwat ko rigar dina ta yau da kullum akan ba shi zaɓi biyu a bakin ƙofa: ko ya shiga wani ɗaki a sauya masa kaya daga cikin waɗanda mai gida ya tanada, ko ya koma inda ya fito. An shimfiɗa dardumai a lambu, an rataye fitilu a itatuwa, an saki birai da aku da wasu tsuntsaye masu launi. An kafa rumfuna irin na kasuwa, da masu duba, da makaɗa a ɓoye cikin shuke-shuke. Ɗan wasa Édouard de Max yana zaune bisa tarin matasai yana ba da hikayoyi. Baƙaƙen mutane, ƙirji a buɗe, su aka sa a matsayin bayin fada suna hidima. Poiret da kansa ya sha rawani da kufta, ya hau karaga a matsayin sarki, baƙi suna zuwa suna faɗuwa gaisuwa. Denise kuwa an sa ta cikin wani babban keji mai ruwan zinariya tare da kuyanginta, tana sanye da wando buje da gajeriyar riga mai buɗaɗɗen baki kamar murfin fitila, da rawani mai dogon gashin tsuntsu. Da baƙi suka hallara sai sarki ya buɗe keji ya sake ta. Aka kwana ana sha ana rawa, aka rufe da wasan wuta.

Akwai dabaru uku a cikin wannan shiri. Dabara ta farko ita ce tilasta wa baƙi sutura. A farkon wannan shekara ta 1911 wandon mata da Poiret da wasu maɗinka suka fito da shi ya jawo ƙura, ana yi wa masu sa shi ature a titi, jaridu suna zagi. Da ya sa manyan matan Paris suka kwana cikin wannan wando da sunan wasa, ya cire masa baƙunta a idon waɗanda suke da kuɗin sayensa. Dabara ta biyu ita ce ƙuntata ƙofa. Mutum 300 ne suka shiga, amma dubbai suka karanta labari a jarida, wanda bai samu gayyata ba ya fi wanda ya samu ɗokin abin. Dabara ta uku ita ce juya matsayi. A al'ada maɗinki shi yake durƙusawa a gaban mai riga yana awo, amma a wannan dare masu rigar ne suka durƙusa a gabansa. Rigar da Denise ta sa kuwa ita ta zama tushen salon da ya ci kasuwa a 1913, bayan ya ɗinka irinta wa 'yan wasan Le Minaret.

A watan Yuni na 1912 ya sake irin wannan shiri da wani jigo daban. Ya kama hayar Butard, wani gidan farauta da aka gina wa Sarki Louis na 15 kusa da Versailles, ya shirya bikin da ya jingina wa Bacchus, abin bautar Rumawan dā mai kula da giya. Baƙi suka zo cikin shigar gumakan Girka da Rum, shi kuma ya fito a matsayin Jupiter, babbansu. Shahararriyar 'yar rawa Isadora Duncan ta yi rawa a wurin, an kuma ruwaito cewa baƙi 300 sun shanye kwalabe 900 na giyar shamfen kafin gari ya waye. Jigo ya sauya, amma tsarin yana nan yadda yake: mai gida ne yake rubuta wasa, ya raba wa kowa rawar da zai taka, ya ajiye wa kansa ta sarki.

6.0 Gabas ta Mafarki da Gabas ta Zahiri

Farisar da aka kafa a lambun Poiret ba ta yi kama da wata ƙasa da take kan taswira ba. An ɗebo rawani daga Indiya, wando daga Turkiyya, hikaya daga Bagadaza, bayi daga Afirka, aka zuba a tukunya guda. Wannan shi ne irin abin da Edward Said ya yi wa nazari a littafinsa Orientalism na 1978, inda ya nuna yadda Turai ta ƙago wa kanta wata Gabas ta mata a kulle da sarakuna masu holewa, ta riƙa kallonta a madadin mutanen da suke raye.

Kwanan watan liyafar yana ƙara fito da wannan batu. A watan Mayu na 1911, wata guda kafin Poiret ya hau karagarsa, sojojin Faransa suka shiga birnin Fas, a 1912 kuma aka sa Maroko ƙarƙashin kariyar Faransa. Aljeriya tana hannunsu tun 1830, Tunisiya tun 1881. A ƙasar Hausa ma sun kama Damagaram a 1899, suka tuɓe sarkinta a 1906. Ke nan a daidai lokacin da ake karɓe mulki daga hannun masu rawani na gaskiya, a lokacin ne rawani ya zama kayan wasa a Paris. Mai cin nasara ne yake iya sa tufafin wanda ya ci da yaƙi don nishaɗi, ya tuɓe su da asuba. Waɗanda aka sa su tsaya a matsayin bayi a wannan dare kuwa, launin fatarsu ne ya ba su wannan matsayi, ba kuma abin tuɓewa ba ne.

Haka kuma kejin da aka sa Denise yana da harshe biyu. Ana iya cewa yana nuna Poiret a matsayin mai 'yantar da mata, tun da shi ya buɗe ƙofa. Amma shi ne kuma ya ƙera kejin, shi ya sa ta ciki, shi ya zaɓi lokacin buɗewa. Wannan ya yi daidai da abin da aka gani a ɗinkinsa, inda ya kwance ɗamara ya ɗaura dabaibayi.

7.0 Juyawar Zamani

Shekarun 1911 zuwa 1913 su ne ƙololuwar ɗaukakarsa. Ya zaga manyan biranen Turai da 'yan matan gwada riguna, a 1913 ya je Amurka aka karɓe shi a matsayin sarkin yayi. A can ya tarar ana sayar da riguna na jabu da sunansa a jiki, abin da ya sa ya jagoranci kafa ƙungiyar kare manyan maɗinkan Faransa a 1914. A wannan shekara Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka kira shi soja, ya yi shekarun yaƙi yana aikin kakin sojoji, gidansa kuma ya kusa tsayawa cik.

Da ya dawo a 1919 ya tarar da wata Faransa daban. Sama da mutum miliyan ɗaya sun mutu a fagen fama, darajar kuɗi ta faɗi, masu sarautar Rasha da suke cikin manyan masu saye juyin 1917 ya tarwatsa su. Mata sun yi aiki a masana'antu da asibitoci, sun tuƙa mota, suna son tufafin da za su yi tafiya da su. Gabrielle Chanel da Jean Patou suka ba su riguna marasa nauyi, marasa yawan ado. Hausawa sukan ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma Poiret ya ci gaba da tsohuwar rawarsa. Ya buɗe gidan shaƙatawa mai suna L'Oasis a lambunsa, ya yi asara mai yawa. Bashi ya sa ya miƙa ragamar kamfaninsa ga masu zuba jari a tsakiyar shekarun 1920, ya zama ma'aikaci a gidan da yake ɗauke da sunansa.

Yunƙurinsa na ƙarshe shi ne a babban baje-kolin fasahar ƙawa da aka yi a Paris a 1925. Maimakon ya kama rumfa kamar sauran, sai ya ƙawata manyan jiragen ruwa uku a kan kogin Seine da kuɗin aljihunsa, ya sa musu suna Amours da Délices da Orgues: ɗaya na kayan ɗaki, ɗaya gidan cin abinci, ɗaya kuma na nuna riguna, da labulen da Dufy ya zana. An yaba kyansu, amma lokacin bazara ne, masu kuɗi sun bar gari, taron da ya zo na 'yan kallo ne. A watan Nuwamba na wannan shekara aka yi gwanjon zane-zanen da ya tara. Aurensa da Denise ya mutu a 1928, aka rufe gidan ɗinkin a 1929, aka sayar da ragowar rigunan a kan sikeli tamkar tsumma. Ya buga tarihin rayuwarsa a 1930, ya ƙare kwanakinsa yana zane cikin talauci, ya mutu a Paris ranar 30 ga Afrilu, 1944, birnin yana hannun Jamusawa.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa liyafar 1911 da jiragen ruwan 1925 dabara guda ce, sakamakon ne ya bambanta. A 1911 masu sayen rigar alfarma 'yan tsiraru ne da suka san juna, ana iya tara su a lambu guda, abin da aka kashe musu a dare ɗaya yakan dawo ta hanyar ciniki. A 1925 yayi ya koma hannun mujallu da manyan kantuna da masu saye daga Amurka, waɗanda lissafi suke yi, ba su damu da karagar mai gida ba. Kuɗin da a dā jari ne sai ya zama almubazzaranci, alhali hannun da yake kashe shi bai sauya ba.

Duk da haka hanyar da ya share ita manyan gidajen ɗinki suka bi bayansa: haɗa riga da turare da kayan ɗaki ƙarƙashin suna guda, da mai da nunin tufafi ya zama wasan kwaikwayo. Denise ta adana rigunan da ya ɗinka mata, zuriyarta suka fito da su gwanjo a Paris a 2005, a 2007 kuma gidan tarihi na Metropolitan a birnin New York ya shirya baje-koli na musamman a kan aikinsa. Ga mai nazarin al'adu, tarihin Poiret yana nuna cewa liyafa takarda ce da ake iya karantawa: wanda aka gayyata da wanda aka bari a waje, wanda ya zauna da wanda ya tsaya yana hidima, da tufafin wa aka ara, duk suna ba da shaida game da inda iko da dukiya suke a cikin al'umma.